Ƙa'idar Gudu a Titunan Nijeriya da Yadda Ake Tabbatar da Ita

Gabatarwa

Mafi yawanmu ɗalibai motar haya muke shiga daga Mubi zuwa Yola, ta Hong da Gombi da Song, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san iyakar gudun da doka ta yarje wa direba. A wannan ɗan rubutu zan yi ƙoƙarin bayyana wannan ƙa'ida da kuma masu tabbatar da ita.

Iyakar Gudu

Littafin ƙa'idojin hanya na Nijeriya ya kasa tituna gida uku: cikin gari, babbar hanya, da tagwayen hanya. Motar gida kilomita 50 a awa aka yarje mata a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Tasi da bas kuwa 50 da 80 da 90 ne. Tirela da tanka su ne 45 da 50 da 60. Ke nan bas ɗin da ya taso daga Mubi zuwa Gombi bai kamata ya wuce 80 ba, tirelar shanu kuma 50.

Dalilin haka a fili yake. Motar da ke gudun kilomita 80 tana cin kimanin mita 22 a daƙiƙa guda. Idan kuma gudu ya ninka, tazarar da mota za ta ci bayan an taka birki takan ninka sau huɗu.

Masu Tabbatar da Doka

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ce ke da wannan alhaki. An kafa ta a 1988 zamanin Janar Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, aka kuma sake yi mata doka a 2007. Jami'anta kan auna gudun mota da na'ura daga nesa, su ci direba tara ko su gurfanar da shi a kotun tafi-da-gidanka. Tun Fabrairun 2017 hukumar ta soma tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu.

Kammalawa

A ganina, jami'an ba za su iya tsayuwa a kowace kwana ba, don haka fasinja ma yana da nasa aikin. Idan ka ga allurar gudu ta haura 80, ka yi wa direba magana cikin ladabi, ko da sauran fasinjoji sun yi shiru. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa.