Ƙwallon Hannu Na Mata A Ƙofar Briqueterie

Duk wanda ya gangaro daga unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde, ya baro hayaƙin masu tsire da ƙarar kekunan teloli ya nufi mararrabar Warda, ba zai yi nisa ba sai ya tarar da babban zauren wasannin nan da ƙasar Sin ta gina, aka buɗe shi a 2009, mai cin mutum sama da 5,000. A cikinsa ne, a watan Yuni na 2021, aka yi gasar ƙwallon hannu ta matan Afirka, inda ’yan matan Kamaru suka yi ta galaba har wasan ƙarshe, sa’an nan Angola, wadda ta ɗauki wannan kofi fiye da sau goma, ta rinjaye su da ci 25 da 15.

Shi wannan wasa, mutum bakwai ne a kowane ɓangare har da mai tsaron gida, a fili mai tsawon mita 40 da faɗin mita 20, ana yin minti 30 a huta a sake yin 30. Mai riƙe da ƙwallo ba ta da izinin wuce taku 3 ko daƙiƙa 3 face ta buga ta da ƙasa ko ta miƙa wa abokiyar wasa, kuma akwai da’ira mai nisan mita 6 daga raga wadda mai tsaron gida kaɗai ke takawa. Saboda haka ne za ka ga yarinya ta yi tsalle daga wajen layi, ta saki ƙwallo tana cikin iska, ta faɗi a kan kafaɗa ta miƙe kamar ba abin da ya same ta. Abin mamaki, ƙa’idojin da Max Heiser ya tsara a Balin a 1917 domin mata ya tsara su, alhali kuwa sai a 1976 aka ba mata damar yin wasan a Olamfik.

Wannan wasa ba baƙon abu ba ne a yankinmu, domin matan Nijeriya sun ɗauki kofin Afirka a 1991, suka je Olamfik na Basalona a 1992. A Kamaru kuwa, hanyar ’yar wasa takan faro daga filin makaranta, ta kai ga ƙungiya irin FAP ta soja da ’yan sanda, ko Tonnerre ta Yawunde, ko Dynamique ta Bokito, daga nan wadda Allah Ya nufa ta sami kira zuwa Turai. Akwai kuma wadda ta biyo hanyar a juye, wato Karichma Ekoh, wadda aka haifa a Faransa, ta yi wa ƙungiyoyin matasan ƙasar wasa, amma da ta isa zaɓi sai ta ɗauki rigar Kamaru.

To, mas’alar da takan tsaya wa iyaye a irin unguwarmu ita ce sutura, kuma lalle ba a raina hujjar uban da ke kishin mutuncin ’yarsa. Sai dai ya kamata a sani cewa motsa jiki a kan kansa ba abin zargi ba ne ga mace, tun da ya tabbata a ruwayar Abu Dawuda cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A’isha; kuma a gasar duniya da aka yi a Sifen a Disamba 2021, wadda Kamaru ma ta halarta, matan Iran sun shiga fili kansu a rufe, hannu da ƙafa a suturce, ba wanda ya hana su. Ashe ke nan wannan magana ta tela ce da mai horarwa, teloli kuwa ba su yi ƙaranci a Briqueterie ba.

Abin da ya fi wuyar warwarewa, a ganina, shi ne abin masarufi, domin wasan a gida bai cika ciyar da ma’abociyarsa ba, ga shi kuma gwiwa da kafaɗa ba su daɗewa suna ɗaukar wannan wahala. A waccan gasa ta Sifen, ’yan wasan Kamaru 4 suka fice daga masaukinsu tun ba a gama ba, aka ƙarasa sauran wasannin babu su.