Yadda Ake Dasa Murjani a Tankin Ruwan Gishiri

Murjani dabbar teku ce, ba tsiro ba. Masu kiwonsa a tankin gilashi sukan yanko ɗan reshe su dasa a kan dutse. Idan mai tauri ne, sai a tsane gindinsa, a shafa gam mai kauri irin Super Glue, a danna shi a dutsen kamar daƙiƙa 30. Mai laushi kuwa yauƙi gare shi, gam ba ya kama shi sosai, don haka akan ɗaure shi da zare sako-sako har ya manne da kansa. Dalili shi ne, in ruwa ya kifar da reshen cikin yashi, ba ya samun haske, gansakukar da ke cikin jikinsa ta daina ciyar da shi, sai ya mutu.