Layin da imel ke bi kafin ya bar Bichi

Ɗalibi a Bichi ya tura takardunsa ta imel, minti biyu saƙon bai tafi ba. Sau da yawa cunkoso ne a kwamfutar bakin ƙofa mai karɓar saƙonni.

Manhajar Postfix, mai aiki a irin wannan kwamfuta, wadda Wietse Venema ya fitar a 1998, kan ware ɗan aike guda ga kowane mai sallama, amma a tsarinta na asali ba sa wuce 100. Kowanne yana cin rabonsa na ƙwaƙwalwar kwamfuta. In aka sakar musu linzami, sai injin ya shaƙe kamar injin niƙa ranar kasuwa.

Masu watsa saƙonnin banza su ne ke cinye guraben 'yan aiken. Shi ya sa a 2011 aka ƙaro wa Postfix postscreen, mai gadi ɗaya tak da ke tantance baƙi tun daga zaure.