Ƙwaron Wuyan Albasa: Yadda Za Mu Gane Shi, Mu Kore Shi

Jama'a, tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya biyo babbar hanyar da aka haƙa masa ya iso Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Ƙasar da a da take hutawa da rani, yanzu ba ta hutu. Muna shuka alkama da masara da shinkafa, muna dasa tumatir da albasa. Albasarmu tana cika kasuwar Gundutse, daga can motoci su kwashe ta su yi kudu. Da kuɗinta mutane da yawa suke sayen taki, su yi wa yara ɗinki, su aurad da 'ya'ya.

To, amma duk inda aka sami ɗanyen ganye rani da damina, ƙwari ma sun sami abinci rani da damina. Yau za mu yi karatu a kan ɗaya daga cikinsu. Yana cikin mafi ƙanƙanta, kuma yana cikin mafi ɓarna ga albasa.

Sunansa da kamanninsa

Malaman gona suna kiransa tirif, da bakin Turawa. Danginsa sun fi iri 6,000 a duniya. Akwai wanda yake shiga furen wake ya sa ya zube. Akwai na tumatir da na barkono. Wanda ya dame mu yau shi ne na albasa. Wani masani na ƙasar Rasha mai suna Lindeman shi ya raɗa masa suna a 1889, bayan ya same shi yana cin ganyen taba. Yanzu kusan ko ina ake noman albasa akwai shi, daga Aliero da Galmi har Indiya da Amurka. Mu za mu kira shi ƙwaron wuyan albasa, gama can ne gidansa.

Siriri ne kamar tsinin allura. In aka jera 10 kai da wutsiya, da ƙyar su kai faɗin farcen babban yatsa. Babban launinsa ƙasa-ƙasa ne, yana da fiffike masu geza. 'Ya'yansa farare ne ko ruwan ɗorawa, ba su da fiffike.

Kada mu haɗa shi da darɓa. Darɓa dunƙulalliya ce, tana zama wuri ɗaya, tana barin danƙo a ganye. Wannan kuwa, da haske ya taɓa shi sai ya ruga ya ɓuya.

Yadda yake ɓarna

Yana huda fatar lawashi da bakinsa, ya tsotse ruwan ciki. Inda ya tsotse sai iska ta shiga, wurin ya yi fari. Lawashi kuwa shi ne ke haɗa wa albasa abinci da hasken rana. In lawashi ya lalace, kai ba zai yi girma ba. Albasar da za ta cika hannu sai ta tsaya kamar ƙwan zabo.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ta ƙananan raunukan nan cuta take shiga, musamman mai sa tabo ja-ja mai duhu a lawashi, har ya karye.

Ga alamunsa:

1. Zane-zane da ɗigo-ɗigo farare a lawashi, suna ƙyalli kamar azurfa.
2. Ƙananan baƙaƙen ɗigo a kan farin. Kashinsa ke nan.
3. Bakin lawashi ya bushe daga sama, ya murɗe.
4. In abin ya yi tsanani, gona duka ta yi fari-fari kamar an watsa mata toka.

Da yawa in sun ga haka sai su ce ƙishirwa ce, ko hazo, ko yunwar taki. Sai su ƙara ruwa, su zuba yuriya. Yuriya in ta yi yawa tana sa lawashi ya yi taushi, ƙwaron ya ƙara samun abin da yake so. Saboda haka kafin mu ba da magani, mu tabbata mun san ciwon.

Yadda yake yaɗuwa

Macen tana tsaga lawashi ta sa ƙwanta a ciki, inda ido ba ya gani. Ba ta bukatar namiji kafin ta yi ƙwai, kuma guda ɗaya tana iya yin wajen 80. Bayan 'yan kwanaki sai su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan su gangara cikin wuyan albasa, tsakanin sababbin ganye, su yi ta ci kamar mako guda. Sa'an nan su faɗa ƙasa su kwanta cikin turɓaya. Daga can su fito da fiffike. Lokacin zafi, daga ƙwai zuwa babba mako 2 ne zuwa 3.

Ku lissafa da kanku. Albasa takan yi wata 3 zuwa 4 a gona bayan dashe. Watau kafin a cire ta, ƙwaron ya ga jikoki da tattaɓa-kunne.

Me ya sa ya fi damun mai noman rani? Domin ruwan sama mai ƙarfi yana wanke shi daga ganye, ya kashe na cikin ƙasa. Da rani babu wannan. Ruwan da muke jawowa daga hanyar ruwa ta ƙasa yake bi ya shiga fangali, ba ya taɓa wuyan albasa. Ƙwaron yana zaune a busasshen ɗaki, ba mai damunsa. Yakan fi yawa cikin Fabrairu da Maris, sa'ad da sanyi ya tafi, zafi ya kama.

Yadda za mu duba

Wannan shi ne babban abin da muke so ko wane ɗalibi ya riƙe. Ƙwaron nan da ɓuya yake cin nasara. Wanda ya tsaya bakin gona ya hanga ba zai gan shi ba sai ya gama ɓarna. Lalle ne a durƙusa.

Mu fara tun albasa tana wurin reno, kafin dashe. Mu riƙe farar takarda kusa da irin, mu kaɗa ganyen a kanta. In akwai shi, za mu ga ƙananan abubuwa suna tafiya a takardar.

Bayan dashe, sau ɗaya ko wane mako, da safe ko da la'asar, mu zaɓi gindi 20. Waɗansu a gefen gona, gama nan yake fara sauka, waɗansu a tsakiya. Mu sa yatsa biyu mu buɗe wuyan a hankali, mu ƙirga abin da muka gani. Mu rubuta adadin da ranar a littafi. In ido ya yi rauni, yaro mai kaifin ido ya ƙirga, uba ya rubuta.

Malaman gona na Amurka sukan ce in an sami ƙwaro 1 zuwa 3 a ko wane ganye, lokacin magani ya yi. Watau albasa mai ganye 4 in tana ɗauke da wajen 10, kada a jira. In kuma adadin wannan mako ya ninka na makon jiya, wannan ma gargaɗi ne.

Rigakafi ya fi magani

1. Mu dasa da wuri. Wanda ya yi reno cikin Satumba ko Oktoba, ya dasa cikin Nuwamba ko farkon Disamba, albasarsa ta yi ƙarfi kafin ƙwaron ya yi yawa. Mai dashen baya shi yake shan wuya.
2. Kada mu yi reno kusa da tsohuwar albasa ko tafarnuwa. Daga can yake tasowa.
3. In za mu sayi iri, mu buɗe wuyansa mu duba kafin mu biya. Kada mu sayo ɓarawo da kuɗinmu.
4. Mu cire ciyawa a gona da bakin hanyar ruwa, gama yana fakewa a cikinta.
5. A wurin reno, mu riƙa ba da ruwa daga sama da garwa mai rariya. Wannan yana wanke shi kamar ruwan sama. Mu yi da safe domin ganye ya bushe kafin dare, kada cuta ta kama.
6. Kada mu bar albasa da ƙishirwa. Wadda ta galabaita ita ta fi jin jiki.
7. Mu shimfiɗa bambaron shinkafa tsakanin layuka. Yana riƙe laima, yana kuma rage ƙwaron.
8. Ƙwaron ba shi da ƙarfin tashi, iska ce take ɗaukarsa. A Indiya ana shuka layi 2 na masara kewaye da gonar albasa, wata guda kafin dashe, su zama katanga. Mu ma muna da masara. Mu fi kula da arewa maso gabas, inda iskar hunturu take fitowa.
9. Bayan an cire albasa, mu kwashe ragowar lawashi, mu kafce ƙasar. Baɗi mu sa wani amfanin a wurin, kamar alkama.

Maganin darbejiya

Mu tara 'ya'yan darbejiya nunannu, mu shanya a inuwa, mu ɓare. Mu daka rabin kilo na ƙwayar, mu jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana. Da gari ya waye mu tace da ƙyalle mai kyau, mu narka ɗan sabulu a ciki. Lawashi yana da santsi, sabulun ne yake sa ruwan ya kama shi.

Mu yi feshi da yamma, gama rana tana kashe ƙarfin maganin. Mu sa bakin famfo ya dubi wuyan albasa, ruwan ya gangara ciki. Wanda ya fesa sama-sama ya yi asarar wahalarsa.

Darbejiya ba ta kashe shi nan take. Tana hana shi ci, tana hana 'ya'yan girma. Kuma ba ta kai ga ƙwan da ke cikin ganye, ko waɗanda suke kwance a ƙasa. Don haka mu sake bayan kwana 7, mu kuma sake, muna ƙirgawa muna rubutawa.

Maganin kanti

In adadi ya ƙi sauka, mu nemi malamin gona, mu nuna masa littafinmu. Shi zai faɗi maganin da ya dace. Sa'an nan mu kiyaye waɗannan:

Mu sayi mai lambar NAFDAC a jikin kwalba. Mu karanta awon da aka rubuta, kada mu ƙara, kada mu rage. Kada mu yi ta maimaita magani iri ɗaya, gama ƙwaron yakan saba da shi har ya daina jinsa. Yawan feshi kuma yana kashe gizo-gizo da sauran ƙwarin da suke cin ƙwaron nan, waɗanda suke yi mana aiki ba lada.

Mai feshi ya rufe jiki da hanci da baki, ya sa takalmi, ya ba iska baya. Kada ya ci goro ko abinci sai ya wanke hannu da sabulu. Kada a wanke famfo a hanyar ruwa, gama a ƙasa akwai masu wanka da masu shayad da dabbobi. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada a zuba mai ko ruwan sha a ciki. A jikin kwalba an rubuta kwanakin da za a jira kafin a ci amfanin. Mu cika su, domin lawashin nan miya ake yi da shi, har a shanya a yi gabu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

A nan gonakinmu kunya ɗaya ce ta raba su. In Malam Audu ya kula da tasa, maƙwabcinsa ya bari, iska za ta komo masa da ƙwaron cikin 'yan kwanaki. Saboda haka masu shan ruwa a hanya ɗaya su yi shawara. Su dasa lokaci ɗaya, su duba rana ɗaya, wanda ya fara gani ya gaya wa 'yan'uwa.

Tambayoyi

1. A ina ƙwaron nan yake ɓuya?
2. Faɗi alamu 3 da ake gane shi da su.
3. Don me ya fi yawa da rani?
4. Ƙwayar darbejiya nawa za a daka domin ruwa lita 20?
5. Gobe da safe ko wane ɗalibi ya buɗe wuyan albasa 20, ya rubuta abin da ya ƙirga, ya kawo aji.