Gurnanin Taya, Asarar Aljihu: Jan Hankali Ga Masu Motocin A-Kori-Kura

Motar a-kori-kura ta daɗe da zama jakin 'yan kasuwa a Nijeriya. Dillalin doya da ke shiga ƙauyukan Zaki Biam a Jihar Binuwai, da ɗan kwangilar da ke kai siminti wurin aiki a cikin daji, da falken shanun da ke hawa tsaunin Mambila a Jihar Taraba, duk da ita suke tinƙaho, musamman ma samfurin Toyota Hilux. To sai dai akwai kuka guda da da yawa daga cikin masu wannan mota suke yi: da zarar sun sanya tayoyi masu manyan haƙora, sai motar ta kama gurnani a kan kwalta, har ta kai direba ba ya jin maganar wanda ke zaune kusa da shi sai ya ɗaga murya.

Mutane da dama na ɗaukar wannan ƙara a matsayin alamar ƙarfin mota. A lissafin kasuwanci kuwa, ƙarar alama ce ta cewa an sanya taya a hanyar da ba domin ta aka ƙera ta ba, kuma mai mota ne zai biya kuɗin wannan kuskure a gidan mai da wurin mai sayar da taya.

Kamfanonin ƙera taya sun kasa tayoyin irin wannan mota gida uku, kuma akan rubuta alamar kowanne a gefen tayar. Mai alamar H/T ita ce ta kwalta; zanenta ƙanana ne a jere, ta fi kowace shiru, amma ba ta da kataɓus a cikin taɓo. Mai alamar M/T ita ce ta taɓo. Haƙoranta manya ne, da rata mai faɗi a tsakaninsu domin su cafki laka su watsar da ita. Mai alamar A/T kuwa tana tsaka-tsaki, an yi ta ne domin ta iya kwalta ta kuma iya burji da turɓaya.

Dalilin ƙarar ba ɓoyayye ba ne. Duk lokacin da taya ta juya, kowane haƙori yana dukan kwalta kamar guduma, sannan iskar da ta shiga tsakanin haƙoran tana matsuwa ta fita da ƙarfi. Gwargwadon girman haƙori da faɗin rata, gwargwadon duka da fitar iska. Idan mota ta ɗauki gudun babbar hanya, ƙarar taya takan rinjayi ta inji. Saboda haka ne masu ƙera taya suke bambanta girman haƙoran da ke kewaye da ita, wani babba wani ƙarami, domin kada dukan ya zo da amo ɗaya mai huda kunne. Mai saye zai iya ganin wannan da idonsa: tayar da haƙoranta suka bambanta da juna, mai layin roba da bai yanke ba a tsakiya, wadda kafaɗarta ba ta buɗe sosai ba, ita ce ta fi shiru.

Akwai kuma hujja a rubuce. Tun daga watan Nuwamba na 2012 Tarayyar Turai ta wajabta liƙa takarda a kan sababbin tayoyi, mai nuna yawan ƙarar da taya take yi da ma'aunin desibel, tare da matsayinta wajen shan mai da kama birki a jiƙaƙƙiyar hanya. A watan Mayu na 2021 aka sabunta takardar, aka raba ƙara zuwa aji A da B da C, inda A ta fi shiru. Wasu tayoyin da ake shigowa da su ƙasar nan suna ɗauke da wannan takarda, kuma ya kamata mai saye ya karanta ta. Bambancin desibel 3 yana nufin ƙarfin sauti ya ninka, ko da yake kunne ba ya jin ƙara ta ninka sai bambancin ya kai wajen desibel 10. Abin lura shi ne, ƙarar da ake aunawa ita ce ta wajen mota, ba wadda direba ke ji a ciki ba. Amma duk da haka tana taimakawa wajen kwatanta taya biyu masu girma ɗaya. Har ila yau, tayoyin daji zalla masu alamar POR ba su shiga ƙarƙashin wannan doka ba.

Dangane da tattalin arziki kuwa, maganar ta wuce jin daɗin kunne. Tayar taɓo ta fi nauyi, robarta ta fi kauri, kuma haƙoranta suna lanƙwasa a kan kwalta, abin da ke sa inji ya ƙara wahala kafin ya tura mota. Kamfanonin taya sun ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya bisa biyar na man da ƙaramar mota ke sha yana tafiya ne wajen juya tayoyi kawai. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan kaso ya zama abin da ɗan kasuwa ba zai kau da kai a kansa ba.

Alal misali, a ɗauka mota tana cin kilomita 40,000 a shekara, tana shan lita 12 a kowane kilomita 100. Manta na shekara zai kama lita 4,800. Idan tayar da ba ta dace ba ta ƙara mata ko da kashi 5 cikin 100 ne, an yi asarar lita 240 ke nan. Kamfanin da ke da motoci goma ya zubar da lita 2,400 ba tare da ya ɗauki ko buhu ɗaya na ƙari ba. Bugu da ƙari, tayar taɓo takan fi saurin cinyewa a kan kwalta mai zafi, kuma ba ta kama birki kamar sauran idan aka yi ruwan sama. Ga kuma gajiyar direban da ya kwashi awanni daga Legas zuwa Kano cikin gurnani, wadda ba ta shiga littafin akanta amma takan bayyana a wurin haɗari.

Wannan ba yana nufin tayar taɓo ba ta da amfani ba. Wanda aikinsa ke kai shi fadama ko gonakin da ke yankewa da damina ya san cewa kwana ɗaya da mota za ta yi a kafe, da kayan gwari a bayanta suna ruɓewa, ya fi kuɗin man wata guda. Irin wannan sai ya haƙura da ƙara, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tambayar da ta kamaci kowane mai mota ita ce: a cikin kowane kilomita 100 da motata take ci, nawa ne a kan kwalta, nawa ne a cikin laka? Idan kwalta da burji ne suka fi yawa, kamar yadda lamarin yake ga akasarin 'yan kasuwa, to tayar A/T mai matsattsen zane ta wadatar. Masu hali ma sukan ajiye tayoyin taɓo a kan nasu wili daban, su ɗaura da damina su sauke da rani.

Sai dai kada neman shiru ya sa a manta da kaya. A gefen kowace taya akwai lambobi irin su 265/65 R17 112S. Lamba 112 tana nufin tayar za ta iya ɗaukar kilo 1,120, harafin S kuma yana nufin iyakar gudunta kilomita 180 a awa ɗaya. Sanya tayar da lambarta ta gaza abin da kamfanin mota ya ƙayyade, don kawai ta fi laushi, ganganci ne ga motar da ake yi wa lodi.

Matsala ta gaba ita ce ta kasuwar kanta. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya dakatar da ƙera taya a Ikeja a 2008, abin da ya jefa ƙasar nan cikin dogaro da tayoyin waje, ya kuma buɗe wa gwanjo ƙofa. Ko da yake tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su, ba su ɓace daga kasuwanni ba. Tsohuwar taya robarta takan bushe ta yi tauri, sai ƙararta ta ƙaru, riƙonta ya ragu. Lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin haruffan DOT su ne ke faɗin shekarunta: 2322, alal misali, yana nufin mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha jan kunnen direbobi game da tayoyin da wa'adinsu ya wuce. A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado take tabbata.

Ko tayar da aka saya sabuwa fil tana iya zama mai gurnani idan babu kulawa. Idan aka bar ta wuri ɗaya, haƙoranta sukan cinye ta gefe guda su zama kamar bakin zarto. Shi ya sa ake so a riƙa sauya wa tayoyi gurbi, na gaba su koma baya, duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000. Mataccen shokazoba yana sa taya ta riƙa tsalle ta cinye rami-rami. Haka kuma al'adar masu faci ta dura iska fiye da kima ko auna ta da bugun ƙarfe tana lalata taya. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. Idan kuwa ƙarar tana sauyawa yayin da aka karya sitiyari hagu ko dama, mai yiwuwa boris ne ya lalace, ba laifin taya ba ne.

Saboda haka ya zama wajibi ga kamfanoni da ɗaiɗaikun 'yan kasuwa su riƙa rubuta ranar da aka ɗaura kowace taya, da kilomitan da ta ci, da man da mota ta sha a kanta. Wanda ya yi wannan na shekara ɗaya ba zai sake sayen taya don kwarjininta ba. Littafinsa ne zai gaya masa wadda ta fi riba.