Keken Haɗi a Ƙasar Lautai

 Shirinmu na musamman na yau zai kai mu arewacin Jihar Jigawa, masarautar Gumel, wato ƙasar Lautai, mai ƙananan hukumomi huɗu: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. A can za mu zauna a rumfar mai gyaran keke, mu ga yadda ake tayar da tsohon ƙarfe ya koma bakin aiki.

Duk wanda ya bi hanyar Maigatari ranar Alhamis, ranar kasuwa, ya san irin kekunan da nake nufi. Baƙaƙe ne, dogaye, an ɗaura musu buhun riɗi ko na zoɓo a kariya, wasu kuma jarkoki. Ka matsa kusa ka duba da kyau. Gangar jikin ta Raleigh ce, ga zalɓen tambarinta a goshi. Ƙafar gaba daga Phoenix ɗan Chaina aka ciro ta, feda ta Hero ce ɗan Indiya, sirdin kuwa ya yi shekaru a kan wani keken kafin ya zo nan. Babu kamfanin da ya fitar da wannan keke. Wani mutum ne ya haɗa shi da sufana da guduma, a ƙarƙashin darbejiya.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Magidanta da dama sai suka jingine babur, suka shiga ɗakin shirgi neman keken baba. Da yawa sun tarar saura ƙashi: ba taya, ba sarƙa, birki ya tsinke. A nan aikin mai haɗi yake farawa.

Abin da yake fara dubawa shi ne gangar. Zai ɗaga ta ya hango ta daga baya ko ta karkace, ya shafa mahaɗar ƙarafa ko akwai tsaga, ya ƙwanƙwasa ya ji ko tsatsa ta ci ta daga ciki. In ganga ta yi kyau, sauran duk mai samuwa ne.

Amma fa samuwa daban, zama daban. Kamfanin Raleigh, wanda ya tashi a birnin Nottingham na Ingila tun ƙarshen ƙarni na 19, har ya yi masana'anta a Kano, yana da nasa tsarin da bai bi na kowa ba. A wurin da sandar feda ke juyawa, inda ake ɗaura kwanon boris, haƙoran murɗinsa 26 ne a kowane inci, alhali yawancin sauran kekuna 24 suke da shi. Ido ba ya ganin wannan bambanci. Kwanon wani keken zai fara shiga lafiya lau, zagaye biyu ko uku, sai ya cije. Wanda bai sani ba zai sa ƙarfi, ya cinye haƙoran gangar gaba ɗaya, shi ke nan ya kashe keken da ya girme shi. Gwani kuwa da yatsunsa yake ji. Da ya ji cizon sai ya warware, ya koma cikin tarkacensa ya nemo tsohon kwano ɗan asali, ya wanke shi da kananzir, ya zuba sabon boris da giris. Wannan ne dalilin da ya sa ba ya yar da komai, ko noti ɗaya.

Ƙafafu ma haka. Tsofaffin kekunan Ingila wayoyi 40 suke ɗauka a ƙafar baya, 32 a ta gaba, saboda baya ce ke ɗaukar nauyi. Kayan da suka zo daga baya da yawa 36 ne. Idan ramukan cibiya ba su yi daidai da na da'irar ba, ba za a ɗinke ƙafar ba. Ɗinkin kansa kuma sai mai haƙuri: ya ɗaure waya nan, ya sassauta can, ya juya ƙafar yana kallo har ta daina rangaji. Fedar hagu ma a baibai ake murɗa ta, kuma a kanta ne yaran shago da yawa ke fara koyon darasi.

Me ya sa ake wannan wahala, ga kekunan gwanjo masu giya cike da kasuwa? Ku dubi ƙasar. Rairayi ne daga Sule Tankarkar har bakin iyakar Nijar. Yashi yana cin giya da igiyar birki, kuma kayan gyaransu ba kowane ƙauye ake samu ba. Tsohon keke mai ƙafa inci 28, giya ɗaya, birkin sandar ƙarfe, kowane mai faci ya san shi. Ni a ganina, wannan keken haɗi ya fi sabon da za a saya yau a jingine baɗi.

Sai dai akwai inda haɗi ba ya halatta. Cokalin gaba da ya taɓa karyewa aka yi masa walda, kada a mayar da shi. Kada kuma a bar keke ya fita ba birki don ragin kuɗi, musamman wanda yaro zai hau zuwa makaranta.

Raleigh ta daina haɗa keke a Nottingham tun 2002. Irin waccan ganga, in aka narkar da ita, ba za a ƙara samun ta ba. Saboda haka, mai sauraro, idan 'yan gwangwan suka zo ƙofar gidanka da sikeli, kada ka ɗora musu tsohon keken gidanku a kan kuɗin kilo. Kai shi wurin mai gyara ya duba tukuna. Iyaye kuma a tura yara rumfunan nan su koya, tun masu sanin suna da ƙarfin koyarwa.