Batirin Mota Da Ake Ginawa Hawa-Hawa: Bayani Ga Dillalan Dutsen Litiyam

Wasu dillalai sun tambaye mu game da jita-jitar cewa Turawa sun soma buga batirin motar lantarki da inji, wai dutsen litiyam zai daina ciniki. To ga yadda abin yake.

Batirin da aka saba, kwaɓi ake yi na garin litiyam da wasu ma'adinai, a shafa a kan fallen alminiyam, garin gawayi kuma a kan fallen jan ƙarfe, a busar, a naɗe kamar tabarma. In shafin ya yi kauri batir ya ɗauki wuta da yawa, amma caji ya yi nawa, don litiyam ba ya samun hanyar ratsawa. In ya yi siriri kuwa, caji da sauri, wuta kaɗan.

Sabuwar dabara ita ce, kwamfuta ke jan bakin inji, yana tsiyayo kwaɓin siriri kamar taliya, yana ɗorawa hawa kan hawa, yadda magini ke ɗora laka in yana gina rumbu. Yana yi yana barin 'yan ƙofofi inda litiyam zai bi. Ka ga an sami kauri, an kuma sami hanya. A 2013 masanan Jami'ar Habad da ta Ilinoi a Amurka sun gina irinsa, girmansa kamar ƙwayar yashi.

Amma fa, jama'a, injin yana da nawa, mota guda kuwa takan ci ɗaruruwa ko dubban ƙananan batura. Shi ya sa manyan masana'antun Sin da Koriya da Japan suna nan kan shafe. Sannan ko an gina ko an shafa, litiyam ɗin dai shi ake zubawa.

Abin da ke juya farashi yawan haƙa ne da yawan masu saye. Tan guda na tataccen litiyam a Sin ya kusa yuwan 600,000 a Nuwamban 2022, kafin ƙarshen 2023 ya faɗo wajen 100,000. Babu ruwan inji a wannan faɗuwa.

Saboda haka masu kai dutse Nasarawa, inda aka buɗe masana'antar sarrafa shi a 2024, kada wani ya zo da labarin inji ya karya muku farashi. Kada kuma ku ci bashi ku tara kaya. A tambayi farashin Sin na makon, a gwada ingancin dutse, sannan a sallama.

Allah Ya ba da kasuwa, amin.